Ga Samarin Zango, Ranar Da Aka Ci Kotoko A Gida

'Ya'yana, samarin Manhyia da Alabar da Yalwa da Aboabo da Asawase, ina yi muku jaje. Jaje na ce, domin na san abin da ke cin ran mutum idan baƙo ya taso daga Berekum ko Dormaa, ya shigo Kumasi, ya ci Kotoko a filin Baba Yara, ya hau motarsa ya tafi da maki uku. In a waje aka ci ka, da sauƙi. Sai ka ce gajiyar hanya ce, ka ce filinsu ba ciyawa, ka ce alƙali ya ji tsoron masu gari. In a gida ne kuwa babu inda za ka rataya laifin, sai ya dawo ya zaune maka a ƙirji. Ba zan ce muku "ai wasa ne kawai" ba. Mai faɗin haka bai taɓa cire kuɗin tuwon darensa ya sayi tikiti ba, bai taɓa shimfiɗa kwali a bayan kujeru lokacin hutun rabin lokaci ya yi la'asar a gurguje, rabin addu'arsa duk a kan 'yan gaba ba.

Ina jin ku bayan magariba, a bes-bes ɗinku, ataya na tafasa ba mai kula da ita. Wannan ya ce a kori koci yau, kada ya kwana a garin. Wancan ya rantse an sayar da wasan. Wani ya ce yaran yanzu ba su san nauyin jar riga ba. Akwai kuma wanda kullum shi ke cewa, "Wallahi daga yau na bar Kotoko," kuma ranar Lahadi shi ne na farko a bakin ƙofa. Duk wannan ban ga laifinsa ba. Mu ma mun yi, sai dai mu a zamaninmu ba mu da wayar da za ta kai zaginmu Landan kafin mu kai gida.

Abin da nake so ku fara sani shi ne, ba a kanku aka fara ba. Kuna magana kamar a da ba a taɓa kunyata Kotoko a Kumasi ba, alhali filin nan ya sha ganin hawayenmu tun ba a haifi iyayen wasunku ba.

A 1982 Kotoko ta kai wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Afirka, ta haɗu da Al Ahly ta Masar. A Alƙahira aka zuba mana uku ba ko ɗaya. Muka ce su zo Kumasi su gani. Suka zo, aka tashi ɗaya da ɗaya, Misirawa suka ɗaga kofi a gabanmu, a cikin gidanmu. Ranar mutane sun taka daga fili, ta Amakom, ta Asafo, har Akwatia Line, ba ka jin komai sai ƙarar silifa. Shekara ta zagayo, 1983, shekarar da kakanninku ba sa son tunawa: fari, gobarar daji ta cinye gonakin koko, ga 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya sun dawo ba inda za su sa kai. Mutum ya yini a layi don mudun masara. A cikin wannan yunwar Kotoko ta sake kaiwa wasan ƙarshe, kuma Allah Ya sake haɗa mu da Al Ahly ɗin nan. Aka yi canjaras a Alƙahira ba ci, suka zo Kumasi a watan Disamba, Opoku Nti ya zura ɗaya, ita ce ta ba mu kofin. Kocin ranar Ibrahim Sunday ne, kyaftin Papa Arko, Joe Carr a raga. Opoku Nti yana cikin waɗanda muka yi wa ƙorafi a 1982. Da mun bi shawarar masu zafin kai na lokacin mun kore su duka, da waye zai ci mana ƙwallon?

Ko kofinmu na farko, na 1970, haka ya zo. A Kumasi ɗaya da ɗaya muka yi da Englebert ta Kwango, mutane suka fita suna cewa shi ke nan an gama. Aka je Kinshasa a Janairun 1971, a gaban Mobutu, Abukari Gariba da Malik Jabir suka ci, Robert Mensah ya tsare raga, aka dawo da kofi.

Wanda ya fi mini ciwo kuwa, har yau in na tuna sai bakina ya yi ɗaci, shi ne na 9 ga Janairu, 2005. Wasan ƙarshe na Kofin Confederation, karo na farko da aka buga gasar, kuma abokan hamayyar tamu Hearts of Oak. An yi ɗaya da ɗaya a Accra. A Kumasi Charles Taylor, wanda muka ɗauko daga wajensu, ya ci mana. Muna cikin murna kocinmu Bajamushe, Hans-Dieter Schmidt, ya fitar da shi. Adjah Tetteh ya rama musu. Aka je bugun fanareti, suka ci takwas muka ci bakwai. Ku tambayi duk wani mai furfura a Roman Hill dalilin fitar da Taylor, za ku ga ya ajiye abin da yake yi ya fara masifa sabuwa fil, kamar jiya aka yi. Ni ma har gobe ina ganin kuskure ne babba. To amma mun tafi gida. Mun ƙi cin abinci, mun kashe rediyo, mun yi sati muna kauce wa maƙwabcin da ke goyon bayan Hearts. Kowa ya kwana a ɗakinsa da ƙafafunsa biyu.

Kuma kada wani ya sa ku ji kamar ku 'yan rakiya ne a wannan ƙungiya. Tun da aka kafa ta a 1935 ta Asantehene ce, ba mai ja, amma hannun Musulmi da 'yan zango ya daɗe a cikinta. Filin da kansa sunan Baba Yara yake ɗauke da shi tun 2004, ɗan Kumasi da ya yi wa Kotoko wasa a gefen dama har aka yi masa laƙabi da sarkin 'yan gefe, kafin haɗarin mota na 1963 ya kwantar da shi, ya rasu a 1969. Ga Dogo Moro. Ga Ibrahim Sunday da aka zaɓa gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1971, ga Karim Abdul Razak da ya samu irin wannan a 1978. Ga kuma King Faisal ta Alhaji Grunsah, da ta raini yaranmu da yawa kafin manyan ƙungiyoyi su gan su. Saboda haka kuna da bakin magana. Gidanku ne. Kuma don gidanku ne nake wannan dogon zance.

Inda zan ja kunnenku shi ne hannu. Baki ya faɗi abin da zai faɗa, amma hannu ya zauna a aljihu.

Ranar Laraba, 9 ga Mayu, 2001, a filin wasa na Accra, Kotoko na gaba da ci ɗaya, sai Ishmael Addo ya zura wa Hearts biyu a ƙarshen wasa. Magoya bayanmu suka fusata da alƙali, suka fara ɓalle kujerun roba suna jefawa cikin fili. 'Yan sanda suka harba barkonon tsohuwa cikin jama'a. Mutane suka runtuma kan matakala, ƙofofi a rufe. Sama da mutum 120 suka mutu a daren nan, da yawansu 'yan zango ne irinku, 'yan Nima da maƙwabtanta, wasu ko aure ba su yi ba. Kwamitin bincike na Sam Okudzeto ya ɗora babban laifin a kan 'yan sanda, kuma haka ne, laifinsu ne. An gurfanar da wasu manyansu a kotu, daga baya aka sallame su. Ba ina wanke kowa ba ne. Abin da nake so ku riƙe shi ne, yaron da ya fara ɓalle kujera bai yi niyyar kashe kowa ba. Haushi kawai ya ji, irin wanda kuke ji. Sai dai daga lokacin da kujerar ta bar hannunsa, abin da zai biyo baya ya fita daga ikonsa, ya koma hannun wani mai bindiga wanda shi ma a tsorace yake.

Za ku ce wannan tsohon labari ne, kuma a Accra aka yi. To ga na gida. Bayan fim ɗin Anas Aremeyaw Anas na 2018, wanda ya nuna alƙalan wasa suna karɓar kuɗi, gasar lig ta tsaya shekara ɗaya da rabi. Muka yi ta kukan an raba mu da abin da muke so. Aka dawo a ƙarshen Disambar 2019. Sati biyu kacal, ranar 12 ga Janairu, 2020, Berekum Chelsea ta zo Baba Yara ta ci mu ɗaya ba ko ɗaya, alƙali ya kori ɗan bayanmu, aka fara jifa, aka tare hanya ana jiran alƙali. Ƙarshenta ɗan sanda ya harbi wani magoyin baya da harsashin roba a fuska, aka kwashe shi sai asibiti. Hukumar ƙwallo ta ci Kotoko tara, ta kuma yanke mata buga wasanni a gida ba 'yan kallo. Ku lissafa mini ribar. Makin bai dawo ba. Kuɗin ƙofa da za a biya 'yan wasa da shi ya tafi. Mai waken da ke kafa tukunyarta a bakin fili, da mai ƙosai, da mai tsire, da yaron da ke tallan ruwan leda, da mai pragya da ke jiran a tashi ya kwashi fasinja, duk an rufe musu kasuwa, kuma rabinsu daga layukanmu suke fitowa.

Ba a tsaya nan ba. A Satumbar 2024, da Angola ta ci Black Stars ɗaya a minti na ƙarshe a filin nan, karo na farko cikin shekara 24 da aka ci Gana a Kumasi, wasu suka huce a kan kayan fili. Sannan a 2 ga Fabrairu, 2025, a Nsoatre, aka daɓa wa wani sanannen magoyin bayan Kotoko wuƙa a wajen wasa, ya mutu, aka dakatar da gasar baki ɗaya. Mutum ya bar iyalinsa da safe don kallon ƙwallo, aka dawo da gawa.

Akwai kuma abin da ku ba kwa gani, mu muke gani. Duk ranar da aka yi rikici a fili, ko mutum dubu ne suka yi jifa, daga Bantama da Krofrom da Suame da ko'ina, da gari ya waye abin da za ka ji a trotro shi ne, "yaran zango ne." Ba adalci ba ne, na sani, kuma nakan faɗa wa masu faɗin haka a gaban idonsu. Amma wake ɗaya ke ɓata gari. Idan kyamara ta kama mutum ɗaya da hula da jallabiya yana ɗaga dutse, an samu hujjar da ake nema. Daga nan sai dattawa su bar barcinsu su tafi ofishin 'yan sanda neman beli, sai an je gaban Sarkin Zango, sai limamai sun yi huɗuba. Ƙanenku da ya gama makaranta ya je neman aiki, a ga adireshinsa an rubuta Aboabo, a ce ya dawo wani satin. Mu da muke zaune a gindin fadar Otumfuo Asantehene, kakanninmu sun zo da fataucin goro da shanu, suka zauna da mutanen nan da mutunci har aka ba su wuri. Wannan mutuncin ba ku kuka tara shi ba, don haka ba ku da ikon kashe shi a kan bugun kusurwa.

Sai maganar 'yan wasa. A nan zan ɗan daɗe, domin ita ta fi damuna.

Akwai wata baiwar Allah a layinmu, koko take sayarwa da asuba. Ɗanta ya taɓa samun shiga babbar ƙungiya, ɗan baya ne. Wata Lahadi ya yi kuskure, ƙwallo ta kuɓuce masa, aka ci su a gida. Washegari na je sayen koko, na tarar ta ɗaura gyale har kan ido, tana zuba wa mutane ba ta ɗago kai. Wasu samari uku na tsaye da kofunansu, ɗaya ya kunna wayarsa da ƙarfi, wani mai kira a gidan rediyo yana zagin yaron, yana cewa nawa aka ba shi, har ya kai ga ambaton wadda ta haife shi. Suna dariya. Ludayin na hannunta yana rawa, kokon na zuba a gefen kofi. Ba ta ce uffan ba. Ta karɓi kuɗinsu, ta ba su canji daidai. Sun san ko ita wace ce, tare suka yi makarantar allo da ɗan nata.

'Ya'yana, yaron nan ba Turai yake wasa ba. 'Yan wasan gasarmu, in ka cire kaɗan, albashinsu bai kai yadda kuke zato ba, kuma a ƙungiyoyi da yawa sai a yi watanni ba a biya ba. Doguwar hanya suke bi a mota cikin dare. Kun manta Yulin 2017, da motar Kotoko ta yi karo a Nkawkaw tana dawowa daga wasa a Accra, mai kula da kayan ƙungiya ya rasu, koci da 'yan wasa suka jikkata? Ku ce yaro bai iya ba, ku ce ba shi da gudu, ku ce a ajiye shi a benci. Wannan haƙƙinku ne, kun biya kuɗin ƙofa. Amma "ya sayar da wasa" ƙazafi ne in ba ku da shaida, kuma kun san hukuncin ƙazafi ba sai na gaya muku ba. Fim ɗin Anas ya nuna mana cewa zargin da muke yi wa wasu alƙalai ba mafarki ba ne. Amma shi da kyamara ya zo da shaidarsa, ba da jin haushi ba.

Bari kuma in taɓa inda ba kwa so. Wani fushin da nake gani yanzu ba na Kotoko ba ne, na tikitin caca ne. A da in an ci mu, zuciya ce kawai ke ciwo. Yau yaro ya zuba sidi hamsin na uwarsa, ko kuɗin cinikin maigidansa na Kejetia, ya ce Kotoko za ta ci a gida, ai tabbas ne. Da an busa tashi, ba ƙungiyarsa yake kuka ba, kuɗin da zai mayar gobe da safe yake kuka. Irin wannan shi ke fara ɗaukar dutse. Na san shi daga nesa: ba ya kallon fili, wayarsa yake kallo, yana bin wasanni biyar a ƙasashe biyar. Hukuncin caca a addini malamai sun gama faɗa. Ni abin da zan ƙara kawai, ta raba ku da daɗin ƙwallon ma. Wanda ya sa kuɗi ba ya ganin kyan yanka ko kyan fasin, ba ya iya tafa wa golan baƙi in ya yi abin a yaba. Mu mun tafa wa Mahmoud El Khatib na Al Ahly a filin nan, muna jin zafinsa muna tafawa.

To ina za a kai fushin? Ba cewa na yi ku haɗiye ba. Kotoko na da matsaloli na gaske. Tun 1983 ba mu sake ɗaga kofin Afirka ba. A Satumbar 2022 mun ci Kadiogo ta Burkina Faso a Kwatano, ta biyo mu Kumasi ta rama, ta fitar da mu a fanareti tun zagayen farko. Ana canza koci da shugabanni kamar riga, duk yaron da ya fara haske kafin a gina ƙungiya a kansa an sayar da shi waje. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata a yi magana a kansu da babbar murya. Amma akwai ƙofa. Ƙungiyar na da da'irorin magoya baya a unguwanni, waɗanda ake kira Circles, da majalisarsu ta ƙasa. Ku nawa ne kuka yi rajista? Ku nawa ke zuwa taro, su biya kuɗin wata, su tashi su yi tambaya a kan kuɗin da aka sayar da ɗan wasa? Ku shiga, ku yi yawa, har a zaɓi naku a shugabanci. Mai kati in ya yi magana dole a saurare shi. Mai dutse kuwa ɗan sanda kaɗai ke amsa masa.

Ku tuna 2024, da abubuwa suka taɓarɓare, wasu suka je filin atisaye na Adako Jachie suka ce koci Prosper Ogum ba zai horar da yara ba, mutumin da ya ci mana lig a 2022. Me ya kwantar da ƙurar? Mai ƙungiyar ne ya kira su nan Manhyia, 'yan wasa da koci da shugabanni, ya yi musu magana irin ta uba. Shekara ta zagayo Kotoko ta ɗauki Kofin FA a 2025 a hannun koci Karim Zito. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wani abin kuma da ke ba ni mamaki: filin da ke ɗaukar mutum dubu 40, yau sai ka ga kujeru fayau, ana jin muryar koci daga ɗaya gefen. Masu zagin da suka fi kowa ƙarfi a rediyo da Facebook, da yawansu ranar wasan suna gidan kallo suna ihun Chelsea da Madrid. Ban hana ku ba, ni ma nakan leƙa. Amma a da abin da ke karya baƙo a Kumasi tun kafin a take ƙwallo shi ne jama'a, jar riga ta cika ko'ina, ganga na tashi, ƙasa na rawa. In kun bar wa yara fili ba kowa, kun mayar musu da gida waje, sannan ku zo kuna tambayar me ya sa ba a tsoron Baba Yara.

Malamanmu sun koya mana cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, in abin ya ƙi ya yi alwala. A fili ma haka za ku yi. In an busa tashi an ci mu, ku zauna a kujerarku minti goma, ku bar masu gaggawa su wuce, kada ku bi ayarin da ya nufi ƙofar da alƙali zai fito. In kun ga naku ya sunkuya zai ɗauki wani abu, ku riƙe masa hannu, ko zai zage ku. Babba a cikinku ya ƙirga yaran layinsa kafin a kama hanya, ya tabbata adadin da ya zo shi ya koma. Ku iso gida ku sami magariba a jam'i, daga nan ku zo bes a yi ta musu har sha biyun dare, ni ma in ƙafa ta bar ni zan zo in faɗi nawa a kan masu tsaron bayan nan.

Wasan gida mai zuwa, don Allah ku sayi tikiti, kada ku tsallaka katanga. Ku ɗauki ƙannenku ku tafi da su, ku dawo mana da su lafiya. Allah Ya yi muku albarka.